Reza, Mai Yanka Finafinai

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai gyaran waya. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin wani bene, jikin shagon wani mai aski. Teburi ɗaya, benci ɗaya, fitila mai lanƙwasa wuya, da kwali cike da matattun wayoyi. Hannunsa na da kyau a aiki, amma abin da Allah ya fi hore masa shi ne baki. Idan ya ji muryarka sau ɗaya, zai maido maka ita har da gyaran muryar da kake yi kafin ka fara magana. Mutanen layin suka sa masa suna Reza, saboda kaifin bakinsa.

Reza mayen kallo ne. Duk fim ɗin da aka saki don kallo a gida, shi ne farkon gani, washegari ya zo shago da labari. Ya ce ya kalli wani jarumi an harbe shi a ƙirji, ya faɗi, ya yi wasiyya, ya raba gado, ya sasanta 'ya'yansa, "ni da nake kallo har na je na yi wanka na dawo, bawan Allah bai cika ba." Ya ce a wani fim ɗin marainiya ce ta kwana da yunwa, amma ta farka da jan baki da kwalli kamar mai shirin zuwa biki. Ya ce motar da ta gangara rami fara ce, wadda ta isa ƙasa ta kama da wuta ja ce, wato a hanya aka yi mata fenti.

Mutane suka riƙa cika bencin nan ko wayarsu ba ta lalace ba. A gida ma, matarsa tela ce, sai ta ɗage ƙafa daga keken ɗinki ta riƙe ciki, kada dariya ta sa ta ɓata wa mutane yadi.

Wannan laifi ne, ya 'yan uwa? A'a. Raha ni'ima ce. Mutumin da ya sa ɗan uwansa dariya ba tare da ya taɓa mutuncin kowa ba, ya sauke masa nauyi. Har zuwa nan Reza yana kan tudun mun tsira.

Wata rana mai askin nan, wanda amininsa ne, ya ɗauke shi a waya yana cikin labari, ya sa a intanet. Kafin mako ya zagayo, mutanen da ba su taɓa taka layin ba sun san muryar Reza. Sai ya buɗe shafinsa. Duk sabon fim ɗin da ya fito, jama'a ba sa kalla sai sun ji me Reza ya ce. Masu talla suka fara sallama. Ya rufe shagon gyara, ya ware ɗaki guda a gidansa, ya lulluɓe bangon da soso don kada ƙarar waje ta shigo, ya toshe taga, ya rataya manyan fitilu, ya sa wa ƙofa sakata ta ciki saboda yara.

A cikin ɗakin nan ya gano wani abu. Idan ya yi wa labarin fim ba'a, ana dariya. Idan ya yi wa mutumin da ke cikin fim ɗin ba'a, dariyar sai ta ninka. Ya taɓa hancin wata jaruma, mabiya suka ƙaru. Ya taɓa tumbin wani, suka ƙaru. Ya kwaikwayi ɗingishin wani, abin ya wuce misali. Daga nan ya daina kallon labari. Sai ya zauna da maɓallin tsayarwa a hannu yana farautar aibi a jikin bayin Allah, haƙori ne, gashi ne, tafiya ce, tsufa ne. Ya ƙara da wasu dabaru. Yakan yi kamar ya suma don munin fim, ya zube daga kujera, jama'a su yi ta kiran sunansa, sai ya ɗago yana dariya.

Matarsa ta daina kallo. Ya tambaye ta dalili, ta ce, "Maigida, da kana yanka fim ne. Yanzu mutane kake yankawa, kuma duk wanda ka yanka yana da uwa."

Ya ce, "Wasa ne fa. Wanda ya fito a allo ai ya sayar da fuskarsa."

Ta koma kan kekenta.

Ana nan sai aka saki wani sabon fim. A ciki akwai wani tsoho da ya daɗe yana fitowa a matsayin uba, irin wanda ake gani a zaune a falo yana yi wa 'ya'ya faɗa. An jima ba a gan shi ba. A wannan fim ɗin bakinsa ya karkace gefe guda, maganarsa tana fita da nauyi, hannunsa na hagu yana kwance a cinya. Reza ya ga abinci. Ya murguɗe baki, ya saki hannu, ya maimaita maganar tsohon har da ɗan yawun da ke taruwa a gefen leɓe. Bai taɓa yin bidiyon da ya yaɗu kamar wannan ba. Masu shayi suna yi, direbobi suna yi, 'yan makaranta suna yi wa juna a hanya.

Wata azahar aka yi sallama a ƙofar gidansa. Ya fito, sai ga tsohon da kansa, da sanda, tufafinsa tsaf, ya yi gumi saboda hawa matakala. Reza ya shigar da shi ɗakin nan mai soso, ya ba shi kujera. Yana juyawa kamar zai kawo ruwa, ya danna kyamara.

Tsoho ya yi magana a hankali, kowace kalma sai ya ɗauko ta da ƙyar. Ya ce, "Ɗana, ciwo ne ya same ni. Faɗuwa na yi a banɗaki, ɓarin jikina ya shanye. Na yi watanni ba na iya kiran sunan matata. Mai fim ɗin nan ya tausaya min ne, ya ce in zo ko magana biyu in yi, don in ji ni ma ina cikin mutane. Maganar da ka kwaikwaya, ni da matata muka yi ta bitarta, tana riƙe min haɓa. Ran da na faɗe ta daidai, kuka muka yi. Ni na tsufa, ba na jin kunyar abin da Allah ya yi min. Amma jikokina sun ƙi zuwa makaranta. Ka taimake ni ka cire."

Ya 'yan uwa, wace zuciya ce za ta ji wannan ba ta karye ba? Allah ya kawo masa ƙofar tuba har cikin ɗakinsa, ta hau matakala da sanda, ta zauna a kujerarsa. Kuma Reza ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, za a cire." Ya riƙe masa hannu har ƙasa.

Da ya dawo ya kalli abin da kyamara ta ɗauka. Ya ga inda sandar ta suɓuce, ya ga inda kalma ta maƙale wa tsohon ya yi ta fama da ita. Shaiɗan ya raɗa masa cewa wannan ya fi na farko. Ya yanke maganar ciwo, ya yanke maganar jikoki, ya bar maƙalewar, ya ɗora kiɗa a kai, ya saki.

Tsohon bai sake zuwa ba. Bai kai ƙara ba, bai yi raddi ba. Ya daina fita ko ƙofar gida, don yara na jiransa a bakin layi. Bayan wasu watanni aka ji ya rasu.

Matar Reza ce ta faɗa masa, da safe, tana ninke ɗinkin da za ta kai wa masu shi. Ta ce, "Ka je ka yi musu gaisuwa. Ko ba su amsa ba, ka je." Ya ce zai je, amma yau an saki babban fim, jama'a na jiran ya yi musu sharhi kai tsaye a shafinsa, sai gobe. Ta ɗauki kayanta ta fita, yara suna makaranta. Ya shiga ɗaki ya zura sakata.

Fim ɗin ranar yana da wurin gobara, kuma gobarar ta bogi ce, ta kwamfuta. Gida na ci da wuta amma labule ko motsi ba ya yi. Reza ya samu abin yi. Yana kwaikwayon jarumin yana ihu yana gyara hula, dubban mutane suna kallo, saƙonnin dariya na gudu a allo kamar ruwa. Bai ji warin ba sai da ya yi ƙarfi. Wayar lantarkin ɗaya daga cikin manyan fitilun ta yi zafi a bayansa, ta narke, ta lashi soson bango.

Wanda ya san soso ya san yadda yake ci. Kafin ya miƙe, bango guda ya kama, baƙin hayaƙi ya sauko daga sama. Ya nufi ƙofa, wuta ta riga shi can. Taga kuwa shi da hannunsa ya toshe ta. Ya yi ihu, amma ɗakin an gina shi ne don kada sauti ya fita. Hanya ɗaya ta rage masa zuwa ga mutane. Ya rarrafo gaban kyamara ya ce, "Jama'a, wuta! Wallahi da gaske ne! Ku kira min mutane!"

Ya 'yan uwa, ku tsaya ku yi tunani a nan. Dubban idanu suna kansa. A cikinsu akwai waɗanda suka san gidan. Amininsa mai aski yana shago a lokacin, ya jingina waya a jikin madubi, shi da masu jiran aski suna kallo, tsakaninsu da gidan kuwa tafiya ce da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Me suka yi? Dariya. Wani ya rubuta cewa wannan wutar ta fi ta fim ɗin kyau. Wani ya rubuta, yau kuma sumar da hayaƙi za a yi ta. Mai aski ya ajiye almakashi yana share hawaye yana cewa, "Kai, mutumin nan ba shi da dama!" Reza yana ganin saƙonnin da idonsa ta cikin hayaƙi. Ya rantse da Allah, aka yi dariya. Ya kira mai aski da sunansa, aka yi dariya. Ya yi kalmar shahada, wani ya rubuta, saura rabon gado.

Tsarki ya tabbata ga Allah. Mutum ya yi shekara da shekaru yana koya wa jama'a cewa wahalar ɗan Adam abin dariya ce, suka koya, suka ƙware, ranar jarrabawa kuma ba su faɗi ba.

Wadda ta cece shi ita ce wadda ba ta kallo. Matarsa ta dawo daga kai ɗinki, ta hangi hayaƙi na fita ta ƙarƙashin rufi, ta yar da jaka ta kwarma ihu. Maƙwabta suka ɓalle ƙofa suka jawo shi, ba ya numfashi sosai.

Ya rayu. Ƙunar jikinsa ta warke, ta bar tabo. Amma hayaƙin ya ƙone masa maƙogwaro, likitoci suka yi iya yinsu, murya ba ta dawo ba. Bakin da ke ɗauke da muryoyin mutane barkatai ya koma sai ka kai kunne kafin ka ji raɗa. Masu talla suka watse. Mabiya suka koma wajen wani sabon mai barkwanci, wanda abin da ya fara tashe da shi shi ne kwaikwayon Reza a gaban wuta. Mai aski ya zo asibiti sau ɗaya, ya kasa haɗa ido da shi, bai koma ba.

Da ya samu ƙarfin tafiya, ya raɗa wa matarsa ta kai shi gidan tsohon. Suka tarar da matar marigayin a zaune a tsakar gida. Ta gane shi tun daga ƙofa. Ya durƙusa a gabanta, yana buɗe baki, iska kawai ke fita. Ya sake gwadawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, hawaye na zuba. Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta jira shi, irin jiran wadda ta saba jiran magana, har ya fitar da kalma ɗaya, "Gafara."

Ta ce, "Ɗan nan, tashi. Nawa na yafe, na jikokina ma zan roƙe su. Amma mai haƙƙin ba ya nan. Ya jira ka har ya gaji. Sai dai ku haɗu a can."

Ya 'yan uwa, wannan ita ce maganar da ta fi wutar zafi. Zunubin da ke tsakaninka da Ubangijinka, ka yi nadama ka roƙe shi, Mai gafara ne. Haƙƙin bawa kuwa yana hannun bawan, kuma bawa yana mutuwa. Wa ya ba ka tabbacin cewa wanda ka wulaƙanta yau zai kai gobe?

Kada kuma wani ya ce ai ni ban yi bidiyo ba, kallo kawai na yi. Wa ya ciyar da Reza? Wa ya tura wa abokai? 'Ya'yan wa suka tsaya a bakin layi suna jiran tsoho? Yatsan da ya danna ya yaɗa, shi ma za a tambaye shi. Ku kalli fim ɗinku a gida, ku yi dariyar motar da ta canza launi, babu wanda ya hana. Amma idan dariyar ta kai kan halittar mutum, ko ciwonsa, ko tsufansa, ku sani kun shiga gonar Wanda ya yi halittar, kuma ba ya barci.

Allah ka tsare mana harsunanmu da yatsunmu. Allah kada ka sa mu yi dariya da hawayen wani. Allah ka ba mu ikon neman yafiya tun masu haƙƙi suna numfashi. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu, amin.