Wane Yaro Ne a Ƙarƙashin Yashin?

Ya 'yan uwa, ku matso. Masu danna waya a sahun baya, a mayar da ita aljihu. Yau raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye muku ba.

An yi wani mutum a nan Jimeta, mai tifofin yashi. Suna ba zai fito daga bakina ba, wanda ya sani ya sani. Shekarar da masifa ta koro mutanen Michika da Madagali suka cika mana gari, kowa ya buɗe ƙofarsa gwargwadon hali. Shi ma ya buɗe. Ya riƙa bin wuraren da aka sauke 'yan gudun hijira, yana cewa mata su ba shi riƙon yara, zai sa su makaranta. Wace uwa ce za ta ƙi, ga miji an kashe, ga bakuna biyar? Riƙo ai al'adarmu ce. Ya ce yaran su kira shi Bappa. Bayan sallah sai ya haɗa yatsu biyu yana tuna wa mutane ladan mai riƙon maraya, jama'a na ta masha Allahu.

Ashe ba riƙo yake ba, leburorin banza ya samu.

Kun san idan rani ya yi, kogin Binuwai ya ja baya, yashin da masu bulo ke so yana gindin gaɓa. Sai an rarake ƙasa an yi kogo, sama na rataye. Babba mai hankali ba ya shiga ko me za ka ba shi. Yaro kuwa da rarrafe yake shigewa, kuma yaro ba ya musu. Nan yake tura 'ya'yan mutane tun hantsi har la'asar, suna fito da yashi a kwanon sarki, manya na tsaye a sama suna lodi da shebur. Ko sunayensu bai riƙe ba. Kowa “kai” ne.

To shi ba shi da ɗa ne? Yana da shi, ɗaya tilo, Mu'tasim. Shi wannan motar makaranta ke zuwa ɗaukarsa har ƙofar gida. Kuma uban ya kafa doka: duk yaron da aka gani yana wasa da ɗansa, zai ci bulala, ya kwana da yunwa. Amma ina ruwan yaro da wannan? A bayan gareji, inda yaran ke kwana, can Mu'tasim yake yini in uban ya fita.

Allah bai kama mutumin nan ba sai da Ya yi masa gargaɗi. Gaɓa ta taɓa ruftawa a kan wani yaro mai suna Zadok, aka ciro shi ƙafa a karye. Uwarsa Selina ta tako tun daga Yolde Pate, ta durƙusa a ƙofar gidan.

Ta ce, “Alhaji, makaranta ka ce mini.”

Ya ce, “Ƙaddara ce. Abincin da yake ci, ke kike kawowa?”

Kun ji fa! Ƙaddara! Kai ka tura yaro rami, sannan ka jingina wa Allah? Kuma kada wani ya ce mini ai ba addininmu ɗaya da ita ba. A wane littafi aka halatta maka zaluntar ɗan wani? Matar nan ba ta da inda za ta kai yaron, ta tafi tana kuka. Zadok ya zauna yana ɗingishi, aka mai da shi mai kai wa leburori ruwa.

Hamajoɗa, direban Alhajin, shi ma ya faɗa masa: “Alhaji, ka ji tsoron Allah, gaɓar nan ta tsage.”

Ya ce, “Tuƙi na ɗauke ka ko wa'azi?”

Ran wata Asabar, Mu'tasim ya dami yaran sai ya ga kogi. Suka ɓoye shi a bayan tifa. Da suka isa ya tuɓe riga da takalmi, ya ajiye a gefe don kada uwarsa ta ga datti, ya bi abokansa cikin kogon. Uban na can zaune a mota gindin bishiya, ya ɗaga gilashi, yana waya da mai jiran kaya.

Gaɓa ta rufta. Yara suka tarwatse, ɗaya bai fito ba.

Zadok ya ja ƙafarsa har wurin motar, ya buga gilashi. Ya san wanda ke ƙarƙashin yashin, amma ya tuna bulala, sai ya ɓoye sunan. Ya ce, “Bappa, yashi ya rufe yaro! Ka ce a ba mu shebur!”

Ya 'yan uwa, ko akuya aka ce ta faɗa rijiya, ai mutum zai ce ta wa. Mutumin nan bai ce wane yaro ba. Ya leƙa ya ga tifa saura kaɗan ta cika. Ya ce, “A gama lodi tukuna. Kai ma ai da ranka aka ciro ka.” Ya mai da gilashi.

Yaran suka koma suna tono da hannu, farcensu na jini. Hamajoɗa ya ga ba zai iya ba, ya fizge shebur daga hannun wani lebura ya sauka da gudu. Nan Alhaji ya fito a fusace zai ci mutuncinsa. Yana isa bakin gaɓa sai ya yi tuntuɓe da takalmi. Ya san takalmin, shi ya saya da hannunsa. Ga riga a ninke kusa da shi.

A lokacin ya yi ihu a kawo shebur duka. A lokacin ya faɗa yana tono kamar mahaukaci. Aka ciro yaron jikinsa da ɗumi, bakinsa cike da yashi, rai ya yi halinsa.

Matar Alhaji da ta ji yadda aka yi, ko sadakar bakwai ba ta jira ba, ta koma gidansu a Makama. Iyaye suka zo suka kwashe 'ya'yansu. Tifofinsa suka salwanta ɗaya bayan ɗaya. Yanzu in kun bi bakin kogi za ku iya ganinsa, ba hula, ba takalmi. Duk yaron da ya gitta sai ya riƙe masa hannu yana cewa, “Wane ne kai? Ɗan wa?” Tambayar da ya ƙi yi sau ɗaya, ita yake yi har yau.

Kada ku yi ta girgiza kai kamar labarin wani ne. A faɗin duniya ana sa yara cikin ramin ma'adinai, ana sa su a gonaki da masaƙu, mu ji a rediyo mu ce Allah wadai. To yarinyar da ke wanke-wanke a gidanka lokacin da 'ya'yanka ke aji, ka san sunan ubanta? Yaron da ka goya wa tankin feshi a gonarka ta Ngurore, da naka ne za ka goya masa? Koya wa yaro aiki daban, cin guminsa daban. Wallahi duk wanda aka damƙa maka amana ne, kuma za a tambaye ka shi da sunansa.

Ya Allah, Ka jiƙan yaron nan da bai yi laifin komai ba. Ka share hawayen Selina da irinta. Kada Ka sa mu gane darajar ɗan wani sai a kan gawar namu. Allah Ya kiyaye mu, Ya kiyaye 'ya'yan mutane daga hannunmu. Amin.