Garin da Kowa Ke Lafiya Lau

Ku gyara zama, ku ajiye goron nan tukuna, don labarin yau ba na gyaɗa kai ba ne, sai kun yi gardama a kansa.

A Rafin Kanya akwai wani manomin albasa, Tanimu, da matarsa Ladidi. Garin yana bayan rafi, idan damina ta yi nisa babu shiga babu fita sai a wuyan ƙato. Haihuwar Ladidi ta fari ta zo da gardama a irin wannan lokaci, kafin a ƙetare da ita zuwa asibiti ɗan ya koma. Tun daga ranar, Tanimu, manomi guda, da ya ga hadari sai gabansa ya faɗi.

Mutanen garin suna da wata ɗabi'a, wadda mu ma nan ba mu tsira daga gare ta ba. Ko mutum ba ya iya ɗaga kai, ka gaishe shi, sai ya ce lafiya lau. Wata rana ƙaramar hukuma ta turo jami'ai su zagaya ƙauyuka su ji buƙatun jama'a, don a san inda za a gina ɗakin shan magani da haihuwa. Suka zauna a ƙofar mai gari, aka kawo fura. Babbansu ya tambayi lafiyar gari, mai gari ya ce lafiya lau, dattawa suka amsa lafiya lau, sai godiya. Tanimu yana wurin, maganar tana cin sa, amma ina shi ina ƙaryata dattawa a gaban baƙi? Shi ma ya ce lafiya lau. Baƙi suka shanye furarsu suka miƙe, suna yaba garin da babu mai ko mura.

Sai ga Barira, tsohuwa mai sayar da ɗanwake, wadda duk garin ke tsoron bakinta. Ta yar da matsami, ta je ta tsaya a gaban motar ta riƙe ƙugu.

"'Ya'yan nan, gaisuwa aka yi muku, ba amsa ba. Ku fito ku zauna in ba ku amsar."

Suka fito. Ta kwashe labarin matan da rafin ya tare da naƙuda ta faɗa musu, ba ta rage komai ba. Dattawa sun daɗe suna fushi da ita, amma kukan Rafin Kanya ya isa sakatariya.

To, isar kuka daban, a saurare shi daban. A majalisar ƙaramar hukuma kowane kansila garinsu yake ja wa, har aka kusa kai ɗakin wani gari da ke bakin titi. Kansilar mazaɓar, Zinatu, ta yi magana har muryarta ta dushe, ba a ji ba. Sai ta bar maganar, ta gayyaci shugaban ƙaramar hukuma cin sabuwar masara a Rafin Kanya, da gangan a tsakiyar damina. Mota ta tsaya a bakin ruwa. Tanimu ne ya saɓa shugaba a wuya, babbar riga a naɗe, takalma a hannu, yana ta salati. Da suka kai tsakiya, Zinatu ta ɗaga murya daga wuyan nata ƙaton ta ce, "Ranka ya daɗe, haka mai naƙuda take ƙetarewa." A zaman da ya biyo baya, shugaban da kansa ya sa aikin a cikin kasafi.

Aka gina ɗaki, aka shafa farin fenti, aka yi kiɗa aka watse. Daga nan awaki suka tare a barandar, domin duk ma'aikacin da aka turo sai ya dubi rafin ya tuna yana da ciwon baya. Ana cikin haka Ladidi ta sake samun ciki, lissafi kuma ya faɗa a damina. Tanimu ya rame, yana wucewa ta gaban ginin yana harararsa. Sai wata ma'aikaciyar jinya, Saratu, wadda ke zaune da aikinta a cikin gari ga wuta ga famfo, ta ce ita a tura ta. Ta kori awaki ta share ɗaki. Ba ta daɗe ba ta gane halin mutanenta, duk wadda ta ce mata lafiya lau sai ta matsa kusa ta ce, to, bayan lafiyar fa?

Ran da abin ya zo, da hantsi ne, ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya cika ya batse. Saratu ta leƙa gidan Tanimu ta tarar da Ladidi tana cije leɓe, tana cewa lafiya lau. Ta yi mata tambayar nan tata, sannan gaskiya ta fito, ashe tun safe take zubar da jini, kunya ta hana ta faɗa. Aka ɗauke ta zuwa ɗakin, Saratu ta yi abin da ta iya, Allah ya taimaka. Kafin azahar Tanimu ya ji kukan jaririya. Ya zauna a cikin taɓo yana dariya yana hawaye, ko a jikinsa.

Ranar suna gari ya cika, har shugaba ya sake hawa wuya ya zo. Barira ta dafa ɗanwake tana tsokanar mai gari, tana tambayarsa lafiyar gari. Tanimu ya riga ya yi alkawari cewa 'yar za ta ci sunan wadda ta cece ta. Liman ya sunkuyo ya ce, "Malam Tanimu, wane suna?" Tanimu ya shiga lissafi a ransa. Da Barira ba ta tare mota ba, da hukuma ba ta ji ba. Da Zinatu ba ta jiƙa shugaba ba, da ginin yana bakin titi. Da Saratu ba ta ƙetaro ba, da har yau awaki ne a ciki.

Ga rago a ɗaure, ga wuƙa a hannun mahauci, ga liman yana jira, 'ya kuma ɗaya ce. To, ku da kuka iya gardama, sunan wa za a raɗa mata?