Yadda Nama Ya Bar Gidan Malam Jatau

Ku ci gaba da ɓarar gyaɗarku, hannu ba ya hana kunne aiki. Zan ba ku labari, amma ku sani a ƙarshensa akwai shari'a, kuma ku ne alƙalai.

A wani gari na ƙasar Gumel an yi wani dillalin shanu, Malam Jatau. A kara ya tashi, wato kasuwar shanu, tun yana riƙe wa mahaifinsa igiya. Duk ranar kasuwa da hantsi sai ya ci balangu, a gidansa kuwa ba a taɓa sauke miya ba tsoka a ciki. Yana zaune da matarsa Lantana da 'ya'yansu shida, babbarsu Barira. Ƙanensa Isuhu na sashe ɗaya a gidan da nasa iyalin, tukunya ɗaya ake ɗorawa.

Yana da shekara hamsin da 'yan kai wani ciwo ya same shi. Haka kawai da la'asar sai jikinsa ya ɗauki ƙaiƙayi, ya yi rudu-rudu kamar wanda rina ta harba, leɓɓansa su kumbura. Wata rana ya zo, wata rana shiru. Aka ce sabulu ne, aka canja sabulu. Aka ce kuɗin cizo ne, aka ƙone katifa. Aka ce ruwan rijiya ne, aka ce sammu ne. Ya sha jiƙo har ya gaji. Ba wanda ya kawo nama a ransa, don ciwon ba ya zuwa sai an daɗe da wanke hannu. Kuma wa zai zargi abin da ya ci shekara hamsin lafiya lau?

Barira ce ta fara shakka. Yarinya ce mai bin diddigi, irin waɗanda ba sa barin tambaya ta kwana. Lokacin girbi mahaifinta ya yi kwana tara a ƙauye wajen gonarsa, ba abin da ya ci sai tuwo da miyar kuka da ɗanwake, ya dawo fatarsa sumul. Kwana biyu da dawowarsa abin ya tashi. Daga nan kullum sai ta tare shi a zaure.

"Baba, me ka ci yau da hantsi?"

"Ke wai 'yar sanda aka mayar da ke ne a gidan nan?"

Ba ta daina ba. Wata biyu tana tambaya tana lura, har ta ga ranar da ya ci naman sa ko na rago, kafin magariba sai ya kumbura. Ta faɗa masa, ya yi dariya har da hawaye. A nan ta yi wani abu da har yau ake gardama a kansa. Ta roƙi mahaifiyarta aka hana shi nama kwana huɗu da dabara, ya zauna ƙalau. Rana ta biyar ta sayo tsire da kanta ta ajiye masa, don ya gani da idonsa. Ya cinye. Da la'asar maƙogwaronsa ya toshe, numfashi ya gagara, aka kwashe shi a mota zuwa asibitin birni. Da ƙyar aka ceto shi. Barira, tana kuka, ta zayyana wa likita duk abin da ta lura da shi. Likita ya dubi Malam Jatau ya ce, "Kaska tana cizonka?" Ya ce, "Likita, a cikin shanu nake wuni." Aka ɗibi jini aka aika gwaji. Sakamako ya fito, likita ya ce akwai mutanen da cizon kaska kan sa jikinsu ya ƙi naman dabba mai ƙafa huɗu, kuma idan ya sake ci, ba lalle a iso da shi asibiti da rai ba.

To, an san ciwo. Sai dai sani daban, iya bari daban.

Lantana ta fara da raba masa tukunya. Abin bai yi ba. Yana zaune gaban miyarsa fara, yara na gefe suna gwigwiyar ƙashi, sai ya ture kwano ya tashi. Ya rame, wandonsa ya fara zamewa. Wata rana ta kama shi a madafa ya buɗe tukunyar gida yana shaƙar tururi. A nan ta gane muddin nama na shigowa gidan, wata rana zai kai hannu. Ta kuma san in ta ce daga yau an daina, mutum goma sha huɗu za su yi mata bore.

Sai ta bi abin a hankali, ba ta shawarci kowa ba. Ta fara cire nama ranar Litinin kaɗai, ta yi faten wake da alayyafo da manja, ba wanda ya tambaya. Bayan mako uku ta ƙara Laraba. Ta rage tsoka a miyar taushe, ta ƙara kabewa da gyaɗa da daddawa. Ta je wajen wata maƙwabciya ta koyi yin awara daga waken suya, ta lalata kwano uku kafin ta iya. Ta riƙa soya ta, ta barbaɗa mata yajin ƙuli irin na masu tsire, ta yanka albasa a kai. Ranar da Malam Jatau ya fara ci, ya tauna ya haɗiye, ya ce, "Akwai saura?" Kaza ba ta cikin abin da likita ya hana, amma Lantana ta lura duk ranar da aka soya ta, washegari hankalin maigidan na wajen mai balangu. Sai ta janye kazar ita ma. Matar Isuhu ta yi fushi, ta ce an mayar da su awaki. Lantana ta shanye, ta ba ta haƙuri da kwaɗon zogale. Wata bakwai aka yi a haka. Ranar da autan gidan ya ce a yi masa alala maimakon ya nemi ƙashi, ta san an gama. Maigidan kuwa ya mayar da jikinsa.

Amma ikon Lantana a bakin zaure ya tsaya. A waje akwai kara, akwai suna da biki, akwai abokan da ke miƙo tsoka suna cewa, "Haba Jatau, ɗan wannan ne zai kashe ka?" Shi kuma mutum ne mai kunya, ba ya iya mayar da hannun kyauta.

Nan Isuhu ya shigo. Kowa ya san shi da son nama, har Kura ake kiransa. Ya tsaya tsakiyar kara ya ce shi ma ya bar nama, ya kuma rantse ba zai ci a gaban kowa ba. Dariya ta koma kansa, aka manta da yayansa. Gaskiyar magana, watanni biyu na farko yakan ɓuya a wani ƙauye ya ci kilishi, shi ya faɗa da bakinsa daga baya. Amma a hankali ya bari da gaske. Duk inda aka gayyaci Malam Jatau, Isuhu na gefensa, kwanonsu ɗaya. Da Babbar Sallah ya kai ragunan layya gidan surukinsa, can aka yanka aka rabar, ko ƙauri bai shigo gida ba. Sai wata rana a wajen wani suna aka kawo musu shinkafa, aka ce ba nama a ciki. Isuhu ya riga kai loma. Harshensa da ya daɗe bai taɓa nama ba ya ji abin nan take. Ya cafke hannun yayansa a sama.

"Yaya, ajiye. Da romon sa aka dafa ta."

Aka tambayi masu girki, suka ce haka ne, sun tsame naman ne kawai. Garin kuwa tafiyar awa biyu ne zuwa asibiti.

Da shekara ta zagayo ba tare da ciwon ya tashi ba, Malam Jatau ya jawo wata farar karsana, mafi kyau a garkensa, ya ɗaure a tsakar gida. Ya ce ta wanda ya ceci ransa ce, kuma ba za a sayar a raba ba, mutum ɗaya zai kama igiyar. Ya dubi 'yarsa, wadda ba don ita ba da har yau ana canja sabulu, amma ita ce ta miƙa masa tsiren da ya kusa kai shi kabari. Ya dubi matarsa, wadda ta juya cikin mutum goma sha huɗu ba tare da ta nemi izinin ko ɗaya ba. Ya dubi ƙanensa, wanda ya fara da ƙarya ya ƙare da riƙe masa hannu. Igiyar ta tsaya a hannunsa.

To, jama'a, ku ajiye gyaɗar nan. Barira, Lantana, ko Isuhu: wa za a miƙa wa igiyar?