Zalɓe da Langar Gindin Ɗorawa

An yi wata makarantar 'ya'yan dabbobi a bakin wani rafi. A aji ɗaya akwai abokai uku: Zalɓe mai ji da kai, Kurege mai saurin fushi, da Bunsuru, wanda ƙarfi ne da shi kamar me, amma bai cika magana ba.

Filin wasa mai kyau guda ɗaya ne tak a makarantar, wato inuwar wata ƙatuwar ɗorawa mai laushin yashi. Sauran wurin kuwa ƙarangiya ce zalla. Kullum aka fito hutun tara sai faɗa ya kaure tsakanin ajinsu da ajin Birai a kan inuwar nan.

Rannan Malama Giwa ta fusata.

"Na gaji da rabon faɗa!" in ji ta. "Ranar Alhamis ku yi langa. Ajin da ya ci, inuwa tasa ce har a yi hutun ƙarshen zango. Wanda aka cinye ya koma cikin ƙarangiya!"

To, ita langa ga yadda take. Kowa zai ɗage ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe, yana tsalle da ɗayar. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafarsa ya fita. Kowane ɓangare yana da ɗan wasa ɗaya da ake kira ruwa, sauran kuma su ne dawakai masu kare shi har ya kai inda aka shata. Aka kayar da ruwa, an cinye ku ke nan.

Tun kafin a yi shawara Zalɓe ya miƙe wuya.

"Ni ne ruwa. Wa ya kai ni tsayuwa da ƙafa ɗaya? Ni a haka nake barci ma!"

Gaskiya ya faɗa, don haka kowa ya yarda. Amma da aka soma gwaji sai abin ya zama zagi. Kurege ya yi tuntuɓe ya faɗi, Zalɓe ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ku dubi dokina! Wannan ne zai kare ni? Jela ta fi mai ita girma!"

Kurege ya tashi yana huci. "Jelar tawa ta ci maka wani abu ne, mai ƙafa kamar tsinken tsire?"

"Ku bari mana," in ji Bunsuru. "Aji ɗaya muke."

"Kai kuma matsa can!" Zalɓe ya daka masa tsawa. "Warinka jiri yake sa ni."

Bunsuru ya ja baya.

Ranar Alhamis makaranta ta cika a gindin ɗorawa. Birai suka yi cincirindo suka sa ruwansu a tsakiya. Kurege ya matso kusa da Zalɓe ya ce, "Ni zan tsare hagu, Bunsuru ya tsare dama. Kada ka wuce mu."

"Ni za ka koya wa langa?" in ji Zalɓe da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Ku tsaya a baya ku yi kallo. Duk makaranta ta san ku ciko ne kawai!"

Birai suka kwashe da shewa. Idon Kurege ya yi jawur. Malama Giwa tana cewa a fara, sai ya saki ƙafarsa da gangan.

"Na fita! Tunda ciko ne ni, kare kanka!"

Zalɓe ko a jikinsa. Ya tasar ma gaba yana tsalle ƙwas-ƙwas, yana karkaɗa fiffike don 'yan kallo su yaba. Birai uku suka yo kansa. Bunsuru ya hango su, ya yi wuf ya sha gabansu, ya bangaje biyu suka zube. Garin haka kafaɗarsa ta gogi fiffiken Zalɓe.

"Ban ce kada ka matso ni ba?" Zalɓe ya juyo a fusace ya kafta masa sara a kunne.

Zafi ya sa Bunsuru ya kai hannu kunnensa, ƙafa ta suɓuce. Ya fita.

Nan fa Zalɓe ya waiga, ba kowa a gefensa. Birin da ya rage, wani ɗan ƙarami da bai kai gwiwarsa ba, ya taho a hankali ya ɗan tunkuɗi siririyar ƙafar nan. Sai ga Zalɓe rigijib a ƙasa, baki cike da yashi.

Washegari ajinsu duka suna cikin ƙarangiya, kowa na cire ƙaya yana tsaki, ga Birai can cikin inuwa suna yi musu gwalo.

"Laifinku ne!" in ji Zalɓe. "Dawakai marasa amfani!"

Kurege ya zabura zai kai masa cizo, Bunsuru ya riƙe shi.

"Kai ma ka yi naka, Kurege. Fushinka ya ja mana." Sannan ya juya ga Zalɓe, kunnensa a kumbure. "Ka zage ni, na haƙura. Na tare maka Birai, ka sare ni. Daga yau ka nemi wasu dawakan."

'Yan ajin suka share ɗan wuri da ganye, suka rabu gida biyu, suka ci gaba da langarsu. Zalɓe ya yi ta zagaya su yana cewa, "Wa zai ɗauke ni? Ni fa na fi kowa iyawa!" Babu wanda ya ko ɗaga kai.

Da ya gaji, sai ya sulale bakin rafi ya tsaya da ƙafa ɗaya, shi kaɗai, yana jiyo ihun wasan daga nesa.

Darasin wannan labari shi ne, yara, duk iyawarka akwai waɗanda ke tsaye a gefenka da suka sa ba ka faɗi ba: 'yan'uwanka a gida, abokanka, da 'yan ajinku. Kada ka raina su, kada ka yi musu dariya a gaban mutane. In kuma kai aka ɓata wa rai, kada fushi ya sa ka watsar da abin da ya shafi kowa. Wanda ya kori masu kare shi zai sha ƙasa, kuma ba zai ga mai miƙo masa hannu ba.