Damin da Sarki Ya Manta

An ce wani sarki daga cikin sarakunan Bani Isra'ila Allah ya ba shi kan da ba ya yoyo. Abin da ya ji bara yana nan, abin da ya gani yana goye ma yana nan. Yakan bugi ƙirji ya ce babu dokar Attaura da bai cika ba. Ranar girbin sha'ir da kansa yake zaga gonarsa, in ya ga dami a yashe ya nuna da sanda, a ɗauke.

To, a dokarsu, damin da mai gona ya manta har ya fita, ba ya komawa ɗauka. Rabon marayu ne da baƙi da matan da mazansu suka mutu. Amma wanda ba ya mantuwa me zai bari? Attajirai suka yi koyi da sarki, masu kala suka riƙa komawa gida ƙwarya a kife.

A garin akwai wani malami, Zakkur, ba gona ba jaki, sai gemu har ƙirji, wanda yake shafe shi da man zaitun safe da yamma. Wata safiya Milka, matar yayansa marigayi, ta same shi yana taje shi.

Ta ce, "Sannu da aiki, mai gemu. 'Ya'yan ɗan'uwanka kwana biyu ba su ga hayaƙi a murhu ba. Ko gemun zan yanka in dafa musu?"

Zakkur ya dafe gemu. "Kin ji ki! Kayan ado ɗaya tak a zuriyarmu, shi kika sa wa ido? Tara matan unguwa ku jira ni a bakin gonar sarki."

Ya iske sarki ya gama zaga gabas, an ɗaure wa jakuna kaya, saura dammunan da aka jibge a bayan itacen ɓaure ta yamma. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ɓata fuska.

"Ya sarki, ƙara na kawo, kuma kai nake ƙara. Shekara ashirin ina ajiye da tambaya ɗaya, ka tara masu hikima daga ko'ina, ni ko leƙe. Har ta fara tsami."

Sarki ya yi murmushi. "Fito da ita, malam."

"Wace doka ce mai nemanta ba ya samunta, mai niyyarta ya ɓata ta, ba ta cika sai a hannun wanda bai san yana cika ta ba? Ka cika dukkan dokoki, ita kaɗai ta gagare ka. In ka gano ta kafin mu kai masussuka, a aske mini gemun nan a bainar jama'a." Da ya faɗi haka sai ya dafe gemun, amma bakin alƙalami ya bushe.

Sarki ya ce, "A wasa aska!" Ya sa kai gaba, jakuna da masu girbi suka bi.

Yana tafe ya ce, "Sadakar ɓoye ce?"

"Ya sarki, mai ɓoyewa ai ya san abin da ya ɓoye."

"Hutun Asabar?"

"Wannan ko rago yana cika ta da niyya."

Sarki ya ciji yatsa, yana tafe yana jero dokoki, Zakkur yana bin sa yana kakkaɓe su ɗaya-ɗaya, hannu ɗaya a gemu. Suka wuce dutsen iyaka. Suka haye tudu. Suna isa masussuka sarki ya tsaya cak.

"Dammunan bayan ɓaure! Maza a koma!"

Zakkur ya tare hanya, ya rusuna. "Ya sarki, a koma ina? Ka fita gona, ka manta. Albishirinka, yau ka cika ta."

Sarki ya waiga. Daga kan tudu ya hango mata da yara sun shiga gona, ana guɗa, Milka a gaba da dami a ka. Ya tambaya, "Waɗannan duk a garina suke?"

Zakkur ya ce, "Tun hawanka gadon sarauta, ranka ya daɗe. Ka san kowane dami da inda ya kwanta. Su ne dai ba su shiga kan nan mai albarka ba."

Sarki ya sake duban matan da yaran. Can sai ya fashe da dariya, har ya dafa jaki. Ya yi rantsuwa ba zai ƙara zaga gona ranar girbi ba, ya sa aka yi shela cewa attajirin da aka ga gonarsa fes kamar an share, ya zo fada ya yi bayani. Ya ce da Zakkur ya roƙi abin da yake so.

Zakkur ya ce, "Tulun man zaitun kawai. Gemun nan ya sha tsoro yau, ga shi babu wanda ya yi masa sannu."

Aka ba shi biyu. Sarki ya dubi masu girbi ya ce, "Ku shaida: sarkin da bai taɓa manta dami ba, ashe talakawa ya manta."