Hular Baba Tunau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can baya, tun zamanin da ake fatauci da jakai. Sunansa Tunau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, bai gaji sarauta ba. Igiya yake tufkawa a gindin wata tsamiya da ke bakin kasuwa, ya sayar ya ci tuwo. Abin da Allah ya hore masa a duniya shi ne matarsa Tabawa, da hula guda ɗaya, da sanƙo. Sanƙo kuwa ba na wasa ba, tun daga goshi har ƙeya babu inda ƙuda zai kafa ƙafa bai zame ba. Masu sanƙo da ke cikinmu kada ku ji haushi, ni ma rawanin nan da kuke gani ba don ado kaɗai nake naɗa shi ba.

To ku saurara da kyau, don labarin nan a kan hular yake.

A garin akwai wata al'ada. Babu mai sana'ar da zai ɗauki mutum aiki, ko ya koya masa sana'a, sai an sami dattijon da ya tsaya masa. Tsayawar kuwa ba da fatar baki ba ce. Mai tsayawa zai cire hularsa ya ajiye a wurin maigidan aikin, kuma ba zai sake rufe kansa da komai ba, ba rawani, ba malafa, ba ko ƙyalle, sai wa'adin da aka yanka ya cika. In ma'aikacin ya riƙe amana, a mayar wa dattijo hularsa da godiya. In ya yi ɓarna, a kore shi, a rataye hular a reshen tsamiya, kowa ya wuce ya nuna ta ya ce, "Waccan ta wane ce, wanda bai san mutane ba."

Saboda haka manyan gari kowa ya riƙe hularsa da hannu biyu. In ba ɗansa ba ne ko ɗan ƙanwarsa, ko kallo ba ka ishe shi ba. Marasa gata kuwa sai su taru a gindin tsamiyar nan tun da safe, suna hamma, suna jiran wanda zai ce a ɗaukar masa kaya.

Tunau ba ya korar kowa. In ka zauna kusa da shi sai ya miƙo maka rama ya ce, "Kama mini bakin nan." Kana tufka, yana koya maka, yana karantar halinka. In rana ta yi Tabawa ta kawo kunu, tana mita, tana zuba wa kowa. In ya gama fahimtarka sai ya tashi ya kai ka inda halinka zai yi amfani. Mai surutun da ba ya haɗiyar yawu ya kai shi korar tsuntsaye a gonar gero. Mai nawa, irin wanda in ya ɗaga ƙafa sai ka gama alwala kafin ya sauke ta, ya kai shi wurin masu aikin wuyan riga da allura. Hular nan ta fi sanin gidajen mutane a kan kan mai ita.

Ana nan, ana nan, sai ga Cindo. Kun san Cindo mai yatsa shida ne, to shi wannan marinsa har da gyara. Ƙato ne, ba ya sata, ba ya ƙarya, ba malalaci ba ne, amma zuciyarsa a kusa take. Ya yi dako an kore shi, ya yi gini an kore shi, ya yi fawa mahauta da kansu suka ce ya fi ƙarfinsu. Har surukinsa, uban matarsa Lantana, ya kira shi ya ce, "Na gaji da ciyar da gidanka. In damina ta faɗi ba ka da aikin da ka zauna a kai, zan zo in ɗauki 'yata da jikokina." Cindo kuwa duk zafin kansa, Lantana da 'ya'yan nan su ne ransa.

Ya bi dattawan gari ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya hango shi sai ya dafe hula kamar ana iska. Da ya rasa tudun dafawa ya zo gindin tsamiya ya zauna, ya sunkuyar da kai. Tunau ya miƙa masa rama. Cindo ya ja sau ɗaya ta tsinke. Tunau ya sake miƙa masa, ta sake tsinkewa. Tunau ya dubi damatsansa, ya dubi ramarsa, ya ce, "Tashi mu je mabuga, kafin ka karya mini jari."

Mabuga, ku yaran yanzu da kuka saba da dutsen guga, wuri ne da ake shimfiɗa rinannen tufafi a kan gungume, a yi ta dukansa da itacen bugu har ya yi sheƙi.

A hanya Cindo ya ce, "Baba, don Allah in mun je kada ka ta da maganar faɗan nan."

Tunau ya ce, "Ɗana, hulata zan ajiye, ita kaɗai gare ni. In na ajiye ta a kan ƙarya, wanda zai zo bayanka me zan ajiye masa?"

Suka isa gaban Sarkin Bugu, suka gaisa. Sarkin Bugu ya ce, "Yaya halinsa?"

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ya sata, ba ya makara. Amma ya targaɗa wani ɗan dako, ya jefa magini a cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, akwai kuma wani mahauci da har yau da gefe ɗaya yake tauna."

Cindo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sarkin Bugu ya ce, "Haba Tunau! Me na yi maka za ka kawo mini wannan?"

"Ranka ya daɗe, tun da yake ba a taɓa ba shi abin da ya halatta ya daka ba. Ka ba shi mu gani."

Sarkin Bugu ya ce, "Da ka ɓoye mini da na kore ku, don labarin mahaucin nan ya riga ku zuwa. Na ɗauke shi. Wa'adi sai ruwan fari ya sauka. In ya taɓa mutum ko da ɗan yatsansa na shida ne, hularka ta hau tsamiya."

Tunau ya cire hula ya ajiye. Jama'a, bazara ce fa! Rana irin wadda ƙadangare ke gudu a kan yatsu. Ya koma gida kai na walƙiya. Tabawa na ganinsa ta saki ludayi ta ce, "Malam, ina hular kuma?"

"Tana mabuga."

"Wa ka tsaya wa?"

"Cindo."

"Cindon da na sani? Innalillahi! Malam, ka yi sallama da ita kawai. Ni da man kaɗanya zan ƙare a gidan nan, kullum shafa kai kamar mai renon jariri."

Tana faɗa tana ɗauko man.

To akwai wani dillali a kasuwar, Jatau, wanda ya so a ba ƙanin matarsa gurbin nan na mabuga, amma ya ƙi ajiye tasa hular. Kun san irinsu, suna son romo ba sa son hayaƙi. Ya ce a ransa ai abin mai sauƙi ne, Cindo kamar busasshiyar ciyawa yake, ƙyastu ɗaya ya isa. Kullum sai ya bi ta ƙofar mabuga ya yar da magana. Yau ya ce masa ƙaton banza, gobe ya ce masa mijin da suruki ke ciyarwa. Cindo ya ɗaga kai zai tashi, sai idonsa ya faɗa kan hular nan a rataye a bango, sai ya cije leɓe ya ci gaba da aiki.

Da Jatau ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, wa'adi ya kusa, sai ya sake dabara. Ranar kasuwa, mutane cike, Tunau ya zo wucewa ta ƙofar mabuga da igiyoyinsa a kafaɗa. Jatau ya tare shi, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, wa ya kawo tulu kasuwa bai kai shi rumfar masu tukwane ba? Bari in gwada ko da tsaga." Ya lanƙwasa yatsa ya ranƙwashi dattijon nan a tsakiyar kai. Ƙwas!

Cindo ya miƙe da itacen bugu a hannu, idanu sun kaɗa jawur. An zage shi ya haƙura, amma a taɓa mutumin da ya shiga rana dominsa? Ya tako, mutane suna darewa. Jatau da ya ga abin da ya roƙa ya taho da gaske, sai ya fara waige-waigen hanyar gudu. Ku tuna fa, duka ɗaya, aiki ya tafi, hula ta hau tsamiya, Lantana ta koma gidan ubanta.

Sai Tunau ya shiga tsakaninsu, ya juya wa Cindo baya, ya sunkuyar wa Jatau da kai ya ce, "Haba Jatau, kai da kake dillali? Ai ba a gwada tulu a wuri ɗaya. Ƙwanƙwasa nan gefen. Ga kuma ƙeya. In ka ji tsaga ka faɗa mini in rage kuɗi."

Wani ya fashe da dariya, sai kasuwa duk ta ɗauka. Jatau ya tsaya da yatsa a lanƙwashe, ya rasa inda zai kai shi. Wata mai daddawa ta ce, "Ka ƙarasa mana, ai an ba ka!"

Tunau ya juya wurin Cindo, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ɗana, kan nan nawa ne, ni na shanya shi, ba a tilasta ni ba. Ranƙwashin Jatau zuwa la'asar ya huce. In ka sauke masa itacen nan, a kaina ka sauke shi, da kan Lantana. Koma bakin aikinka."

Ƙaton nan ya tsaya, hawaye na zuba. Ya juya ya durƙusa gaban gungume, ya jawo wata riga mai shuni, ya yi ta dukanta, ya yi ta dukanta, har masu rumfunan nesa suka zaci ana kaɗa gangar yaƙi. Da ya ɗaga rigar, wallahi sai ka ga fuskarka a ciki. Sarkin Bugu ya juya ta gaba da baya ya ce, "Kai! Tun da nake ban ga bugu irin wannan ba. Don Allah a roƙi Jatau ya riƙa zuwa kowace kasuwa."

Kada ku zaci Tunau bai ji zafi ba. Ya ji, mutum ne, kuma dattijo. Da ya koma gida ko kunu bai sha ba. Tabawa ta shafa masa mai, ranar ba ta yi mita ba.

Ba a daɗe ba ruwan fari ya sauka. Sarkin Bugu ya aiko da hula an wanke ta, an buge ta, Cindo da kansa ya kawo, Lantana na biye da akushin tuwo. Tabawa ta rangaɗa guɗa. Tunau ya ɗora hula ya fito ƙofar gida yana gyara mata zama, sai ga wani mutum tsugune ya ce, "Salamu alaikum. Baba, an ce kai ne kake tsaya wa mutane." Daga cikin gida aka jiyo Tabawa ta ce, "Ko ɗumin kai ba ta ɗauka ba!"

Shekaru suka tura, Tunau ya tsufa, ido ya yi rauni, hannu ya daina iya tufka. Shi ma ya zama mai neman aiki. Ya je wurin wani mai hatsi da ke neman wanda zai zauna ya kore masa kaji da awaki daga shanya. Mai hatsi ya ce, "Baba, ina jin nauyinka, amma al'ada al'ada ce. Wa ya tsaya maka?" Tunau ya shafa kai. Mutum ba ya tsaya wa kansa, tasa hular ma tana wurin wani maƙeri. Ya juya zai tafi.

Sai ga Cindo, gemu ya fara furfura, yanzu shi ke koya wa wasu bugu. Ya cire hula ya ajiye a gaban mai hatsi. Mai hatsi ya ce, "Yaya halinsa?"

Cindo ya ce, "Ba ya gani sosai, yana gyangyaɗi bayan azahar, kuma in akuya ta yi masa kallon tausayi zai iya barinta ta ci. Amma amana, ba ka da kamarsa."

Tunau ya yi dariya ya ce, "Madalla, ka iya."

Kafin a rufe baki ga mai korar tsuntsaye ya ajiye tasa, yana ta bayani ba wanda ya tambaye shi. Ga magina, ga marina, ga masaƙa. Huluna suka taru a gaban mai hatsi har suka fi tsibin dawarsa tsawo, kasuwa ta cika da kawuna a buɗe. Mai nawan nan ma ya zo da tasa, sai dai ya iso bayan an watse.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Wanda ya tsaya wa marar gata, Allah ba zai bar shi ya tsaya shi kaɗai ba. Kuma tsayawa ba ta yiwuwa sai da gaskiya da haƙuri: ka faɗi halin mutum yadda yake, ka nema masa inda zai yi amfani, in rana ta dake ka saboda shi ka daure.

Yau ba a ajiye hula, amma har gobe ana tambaya, "Wa ya tsaya maka?" Matasa nawa ne a unguwar nan suka je wurin koyon sana'a, ko ofishin da ke sama wa mutane aiki, aka ce su kawo wanda ya san su, suka dawo suka zauna a bakin titi? Kai tela, kai bakanike, kai mai shago, kai da Allah ya ɗora a kujerar ɗaukar ma'aikata, ka san wani Cindo a layinku. Kullum kana wuce shi kana cewa yaran yanzu ba sa jin magana. Ka taɓa miƙa masa bakin igiya?

Ga shi ina kallonku, kowa da hularsa, wasu har da ta canji a gida. Allah ya ba mu ikon cire ta saboda wani, tun kafin ranar da za mu shafa kai mu rasa mai tsaya mana. Ku ce amin. Kai mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, har da kai.