Hannun Hagun Yalwa

Akwai wata mawaƙiyar biki a unguwar Hindawiyya ta Makka, can cikin shekarun alif ɗari tara da sittin da ɗoriya, sunanta Maryama. Murya dai Allah ya ba ta, wannan ba mai ja. Amma hura hanci, sai dai mu ce Allah ya kyauta.

A wancan zamani idan ana biki, mata keɓewa suke yi a cikin gida su yi shagalinsu, namiji ko ƙeyarsa ba a yarda a gani ba. Mawaƙa mata, makaɗa mata. Ita ma Maryama da ganga ta fara, kamar mahaifiyarta marigayiya Hauwa.

Makaɗiyarta kuwa wata dattijuwa ce, Yalwa, mai zane a fuska. Da ƙafa ta zo Makka ta Cadi da Sudan, tafiya ɗaya da Hauwa, kuma ita ta yi wa Hauwa kiɗa har ta koma ga Allah. Kowa a unguwa Inna Yalwa yake ce mata. Maryama kaɗai ce ke kiran sunanta gatsal, ita da Yalwar ta goya.

Wata rana Maryama ta ji jitar lantarki a rediyon Sudan, sai ganga ta yi mata kaɗan. Ta sa aka sayo mata ɗaya daga Jidda, 'yar araha, haɗe da akwatin da ke fitar da sautinta.

Kai, jama'a, wannan jita! Sunan kamfanin ma ya goge tun a jirgi. Kunnuwan da ake ɗaure tsirkiya da su sakewa suke yi da zarar zafin Makka ya taɓa su, kafin a kai ƙarshen waƙa muryar jitar ta karkace. Tsirkiyoyin sun yi sama da yawa, suna yanka yatsa. Fenti na ɓarewa a jikin riga.

Da yake gidan Maryama ba wutar lantarki, a bushe ta koya, sai a gidan biki aka fara jona ta. Ana jonawa akwatin ya ɗauki wani gurnani, kamar an kulle ƙudan zuma a tulu. Mata suka fara toshe kunne.

Maryama ta fusata ta kai wa akwatin mari. Ya yi tangal-tangal zai faɗi, Yalwa ta kai hannun hagu ta tare shi. Nan take gurnanin ya ɗauke ɗif.

Maryama ta dubi mata, ta gyara zama ta ce, "Kun gani? Har kaya sun san mai su."

Tun daga ranar abin ya zame mata al'ada. A jona, akwati ya yi gurnani, ta mare shi, ya yi shiru, mata su yi guɗa. Ba ta taɓa lura cewa Yalwa ta sauya wurin zama ba. Kullum tana maƙale da akwatin, ƙafa ba takalmi a kan daɓe, hannun hagu a kan ƙarfen bayansa, ganga a cinya tana bugawa da dama kaɗai.

Abin da Maryama ta lura da shi ɗaya ne: kiɗan ya ragu.

"Dubi raguwa," in ji ta ga duk wanda zai saurara. "Tsufa ya cinye ta, sai ta jingina da akwatina take iya zama. Makaɗiya da hannu ɗaya! Ni wallahi kunya take ba ni."

Sau ɗaya Yalwa ta gwada magana, suna hanyar komawa gida. Ta ce, "'Yar nan, akwatin nan fa..."

Maryama ta yi tsaki. "Ke kuma me kika sani a akwati? Kin taɓa ganin lantarki a ƙauyenku? Ki ji da gangarki, ita ma ta gagare ki."

Yalwa ta gyara gangarta a kafaɗa, suka ci gaba da tafiya.

Jita dai ta ja wa Maryama suna, don ba wata mace a Hindawiyya mai irinta. Sai ta shiga yi mata gata. Ƙanin mijinta, Tijjani, mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa, shi take kai wa. Ya cire tsofaffin kunnuwan ya sa masu ƙyalli da ba sa sakewa. Ya sauke tsirkiyoyin, ya goge bakin ƙarafan wuyanta har suka daina yanka. Aka yi mata jan fenti, aka manna mata ƙananan madubai, aka ɗinka mata maratayi mai zaren zinariya.

Tijjani ya ce, "Yaya Maryama, duk wannan ado ne. Ciwon yana ciki. Akwai wayar da ya kamata ta kai ragowar wuta ƙasa, su kuwa ba su saka ba. Ki bar min jitar da akwatin in buɗe, in liƙe da dalma."

"Ka farke min jita bayan an yi fenti? Wa zai ga wayar taka?"

"Ba a gani, amma ana ji. Ki tambayi Inna Yalwa ma..."

"Yalwa!" Ta ƙyalƙyale da dariya. "Halas, ya isa haka, Tijjani. Gurnani ni nake maganinsa da tafin hannuna. Kai dai ƙara min madubi a nan."

Ana haka sai saƙon da ta daɗe tana mafarki ya iso. Sitti Aishatu, wato uwargida Aishatu, matar wani babban ɗan kasuwa a sababbin gidajen Rusaifa, za ta aurar da 'yarta, kuma tana son mai jitar nan da ake labari. Jikar Hausawa ce ita ma, amma haifaffiyar Makka, Hausar sai ta ga dama. Duk mawaƙiyar da ta burge a gidanta, manyan gidaje sun buɗe mata ke nan. Wadda ta kunyata kuwa, ta koma lungu har abada.

Maryama ta zauna ta yi wa kayanta kallon tsaf. Jita ta yi. Maratayi ya yi. Sai idonta ya faɗa kan Yalwa, da faso a ƙafa da zane a kumatu.

"Yalwa, Rusaifa ba da ke ba."

"Ba da ni ba kamar yaya, 'yar nan?"

"Na canja kunnuwa, na canja tsirkiya, ke kaɗai ce tsohon kayan da ya rage. Na samo makaɗa biyu, Rumasa'u da Sa'adatu, haifaffun nan, sun iya Larabci, sun iya shiga, kuma kowacce hannu biyu gare ta."

Yalwa ta dube ta. Ta ce, "To, ko ba zan buga ba, ki bar ni in zauna kusa da akwatin."

"Ki zauna ki yi me? Ki jingina? Gidan Sitti Aishatu akwai matashi, ba a jingina da kayan mutane. Ki hau dutsen Nakkasa, ki koma gidanki ki huta, Allah ya ba da lada."

Yalwa ta ɗauki gangarta ta fita. Maryama ko a jikinta.

Ranar biki, bayan la'asar, Tijjani ya kawo su a tasi, ya sauke kaya a bakin ƙofa, kuyangi suka shigar. Shi ya tsaya waje tare da direbobi, don iyakarsa ke nan.

Falon ya cika da mata, zinariya ko'ina, turaren wuta na tashi, ana zagayawa da gahawa. Maryama ta rataya jitarta, madubai na walƙiya, tana yi wa kowa kallon hadarin kaji. Aka jona.

Akwati ya ɗauki gurnani.

Ta yi murmushi irin na wadda ta san abin da take yi, ta kai masa mari. Gurnani ya ci gaba. Ta ƙara. Ya ƙaru. Ta mare shi ta dama, ta mare shi ta hagu, har awarwaronta ya tsinke. Ta murɗa maɓallin sauti ko muryar jitar za ta danne, sai akwatin ya saki wata ƙara mai tsinin tsiya, jarirai suka fashe da kuka.

Sitti Aishatu ta ɗaga gira ta ce, "Esh hada? Mene ne wannan? Kiɗan ke nan?"

Gumi ya wanke wa Maryama kwalli. Ta ce, "Ya sitti, ƙanin mijina na waje, mai gyara ne, a bari ya shigo ya duba."

"Namiji? A nan? Aibu! Matan mutane ba lulluɓi ki ce namiji? Ke a gidanku haka ake yi?"

Maryama ta figi mayafi ta ruga bakin ƙofa, ta tsaya bayan labule ta kira Tijjani. Shi ma tun daga titi yake jin ƙarar.

Ya ce, "Ina Inna Yalwa? Ki ce ta ɗora hannu."

"Wane hannu?"

"Yaya Maryama, wai har yau ba ki sani ba? Ba marinki ke kashe gurnanin nan ba. Jikinta ne. Ita ce wayar da babu. Takan dafa ƙarfen akwatin, ƙafarta a ƙasa, wutar ta bi ta jikinta ta wuce. Tun bikin farko ta zo shagona tana tambaya ko abin zai iya kashe ta. Na ce zai iya yi mata lahani, ta daina. Ta ce in ta daina, 'yar Hauwa za ta ji kunya a gaban mutane. Ta roƙe ni kada in faɗa miki, wai ranki zai ɓaci."

Sai a lokacin Maryama ta gane. Amma kun san mai girman kai, ko a nan ba Yalwa ta fara tunawa ba, bikin ta tuna. Ta koma da gudu ta ce wa Rumasa'u, "Yalla, maza cire takalmi, sauka daga kan kilishi, dafa ƙarfen nan!"

Rumasa'u ta dafa. Gurnani ya ɗauke na ƙiftawar ido, sai ta ƙwalla ihu ta yi baya, ta bangaji mai ɗauke da tiren gahawa, gahawa ta kife a kan rigar uwar ango.

"Yana cizo! Wallahi yana cizo!"

Sa'adatu ta ce ko za a yanka ta ba za ta taɓa ba.

Maryama ta ce, "Ragwaye! Ɗan wannan?" Ta tuɓe takalmi ta dafa da kanta.

Wutar ta ja ta tun daga yatsu har haƙora. Kamar an cusa mata allurai a cikin ƙashi. Ta so ta daure don idon mutane, amma hannun da kansa ya fizge. Ko baiti ɗaya ba za ta iya kaiwa ba. Yalwa kuwa biki bayan biki take zama a haka, tana murmushi, tana bugawa da ɗaya hannun, ana ce mata raguwa.

Sitti Aishatu ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi jitar, ta dubi Maryama daga sama har ƙasa, irin kallon da Maryama ta saba yi wa mutane. Ta ce, "Madubai dai sun yi kyau. Halas, ku kwashe. Ta ƙofar baya."

Kafin mako ya zagayo labari ya gama Makka. Tijjani ya buɗe jitar ya sa wayar, aikin da bai kai shan shayi ba, gurnani ya mutu. Amma wa zai kira ta? Ba gidan da ke son a ce ya ɗauko wadda aka fitar ta ƙofar baya.

Da abin ya ishe ta, wata la'asar ta kama hawan dutsen Nakkasa, tana haki, tana tambayar gidan Yalwa. Aka ce ta bi kiɗa, ana suna a maƙwabta.

Tun daga nesa ta ji wata ganga da ta sa ta tsaya cik. Kiɗa cikakke, mai uwa da 'ya'ya, irin wanda rabonta da jin sa tun mahaifiyarta na raye. Ta leƙa tsakar gidan. Ba wuta, ba akwati, ba madubi. Yalwa ce zaune a kan tabarma, hannu biyu na tashi suna sauka, mata sun yi da'ira ana ta zuba mata guɗa.

Da aka tsaya shan ruwa, Maryama ta ratsa ta durƙusa. Ta kira ta da sunan da ba ta taɓa kiranta da shi ba.

"Inna."

Yalwa ta ce, "A'a, yau ni ce Inna?"

"Inna, ki yafe min. Na taɓa ƙarfen, na ji. An gyara yanzu, ba abin da zai ƙara jan ki. Ki dawo, don Allah. Idan aka ji kin dawo za a sake kirana."

Yalwa ta dubi tafin hannunta na hagu, ta murza shi a cinya.

"Yafiya na yafe, 'yar Hauwa, tun kafin ki hawo. Amma ji yadda kika ƙarasa maganar, har yanzu kiranki kike nema. Na ara miki hannun nan saboda uwarki, kika ce ba ni da shi. To, ya dawo wurina, kuma ina da aikin yi da shi."

Ta gyara gangar a cinya, ta buga da hannu biyu. Mata suka koma da'ira, suka rufe Maryama a baya, ba wadda ta waiwayo.

Darasi: Kafin ka raina mutum saboda gazawar da ka gani a jikinsa, ka bincika, wataƙila kai yake rufa wa asiri da ita. Ka gyara cikin abu kafin ka yi masa ado, kuma kada ka jera wanda ya tsaya maka cikin tsofaffin kayan da ake canjawa. Idan kana da wata Inna Yalwa a rayuwarka, ka je ka gode mata tun tana kusa. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, ko Allah zai sa ya isa kunnen mai buƙata.